Man Kaɗanya a Filaketin Birki

Bariénou, Djougou

Yaya Muntasir,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya shago, yaya Hamida da yara? Albishirinka: an sa sunana cikin matan da za su gwada tseren keke a kan tudu, kuma wadda ta yi fice ita za ta wakilci yankinmu. Sai dai filaketin birkina, masu damƙe diskin taya, sun cinye ƙaf, ƙarfe ke gogar diski. Kai ne mai gyaran keke, ka zaɓo mini waɗanda suka dace. Maigidana Ibrahimu zai kawo shanu kasuwar Tourou da ke wajenku a Parakou, ka ba shi ya taho da su. Shi ma ya fi ni ɗoki, kullum sai ya tambaye ni ranar.

Ƙanwarka, Khalida

*

Bariénou, Djougou

Yaya,

Gaisuwa dai don ta zama dole. Da hannun hagu nake rubutun nan, na dama yana ɗaure.

Saƙonka bai iso ba sai da safen gwajin. Ibrahimu ya ce ka sa shi ya yi ta yi maka sintiri, ƙarshe ka biyo shi da kayan ta hannun direba, ka ce ka riga ka shirya su, in ɗaura kawai. Na ɗaura. A fili sun ɗan yi ƙara, na ce ai sabunta ce. Da muka kai gangaren rafi na matse birki, wallahi kamar na matse soso. Keken ya wuce da ni cikin duwatsu, sauran mata suka wuce ni ina kwance.

Wani mai gyara da ke wurin ya ciro filaket ɗin, ya sunsuna, ya ce sun sha man kaɗanya har ciki. Man kaɗanya, Yaya! Kai da ka koya mini keke a Ganou, kai da ke marin hannuna in na taɓa diski bayan cin ƙosai. In ba ka son in yi tseren ai sai ka faɗa mini a fuskata. Faɗuwar ba ta yi mini ciwo kamar wannan ba. An ba wata gurbina.

Khalida

*

Ganou, Parakou

Ƙanwata Khalida,

Bayan sallama, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na karanta takardarki a tsaye, sai da na zauna na sake karantawa. Raina ya ɓaci, amma bari in faɗa miki yadda aka yi.

Iri biyu na ajiye a gabana. Na rezin suna da laushi, ba su ƙara, amma laka na cinye su da wuri. Na zaɓar miki na ƙarfe saboda damina ce, kuma gangarenku dogo ne, su ne ke jure zafi. Ban ma buɗe ledarsu ba. Na haɗa da samfefa da kwalbar alkol na wanke diski, da takarda mai bayani: ki goge diski tas, ki ɗaura, ki nemi fili ki yi ta gudu kina matse birki a hankali ba tare da tsayawa cak ba, har ki ji ya fara damƙa. Ni ba zan iya yi miki wannan daga Parakou ba, don a kan diskinki ake yinsa. Yaya za a yi in ce na shirya su?

Kuma ban ba wani direba ba. Ranar da Ibrahimu ya sayar da shanunsa ya zo shago, muka ci abinci, na danƙa masa hannu da hannu. Na san masu harkar shanu da fawa irinsa, ba su ganin sabon ƙarfe da damina ba su shafe shi da mai ba, shi ya sa na ja masa kunne. Na ce masa ɗigo ɗaya ya isa ya kashe birkin. Ya tambaye ni, in ya taɓa fa, a wanke? Na ce ba ya wankuwa, sai dai a zubar. Ya gyaɗa kai ya sa a aljihu.

Ban so in rubuta wannan ba. Ki tambaye shi a tsanake, kada ki yi shi gaban mutane. Hamida na gaishe ki.

Yayanki, Muntasir

*

Djougou

Yaya,

Sallama, kuma ka yafe mini, na yi maka ƙazafi.

Na tambaye shi. Bai musa ba. Ya ce ya gaji da ba'ar da ake masa a kasuwa, wai matarsa na tsere da wando. Ya ce ya ɗauka zan ji ƙarar birkin in fasa da kaina, shi ke nan babu wanda ya hana wani.

Ina gidan Inna yanzu, keken ma yana nan. Ta ce in yi haƙuri tunda ya rantse bai nufe ni da rauni ba. Ni abin da ya kasa fita raina ɗaya ne. Da safen gwajin, da ya ga ban fasa ba, ya rako ni har bakin hanya, ya ɗaure mini hular kwano da hannunsa, ya ce Allah ya tsare.

Ka gaida gida.

Khalida