Na Ɗaga Abin da Aka Ce Kar a Ɗaga

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya Fatakwal, ya yara, ya Baban Sadiku da aiki? Allah ya sa kuna lafiya.

Yaya, a tsorace nake. Ranar Laraba tafasasshen ruwan rake ya kwarare wa maigidana a hannu wajen dafa mazarƙwaila. A asibiti aka manna masa wani abu mai sanyi, garai-garai kamar daskararren ruwa, har ana hango ciwon ta ciki. Nas ta ce yana riƙe danshi, yana kashe ƙwayoyin cuta, kada kowa ya ɗaga.

Da muka dawo Nasarawan Doya, Inna surukata ta ce, "’Yar nan, ina kika taɓa ganin ƙuna ta warke a jiƙe? Ga gashin zomo, sa masa." Kin san ba na iya yi mata musu. Maigidan yana barcin rana na ɓare gefen abin da aka manna, na sa, na mayar.

Yau wurin ya yi ja, ya kumbura, jikinsa zafi rau. A littattafan da nake karantawa, mace takan yi jinya, miji ya tashi yana sa mata albarka. Ban taɓa karanta wadda ta yi irin nawa ba. Da hannun nan yake saran rake, Yaya.

An tafi neman mota. Zan faɗa wa nas gaskiya a gabansa, ba kuma zan ambaci Inna ba. Ki roƙa mana Allah ya bar masa hannunsa, ni kuma bakina ya buɗu.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Zulai