Tasnim da Ludayin Baba Ragab

Tanta, Litinin.
Aikin farko: tafasa kwalaben madara. An yi.

Zuwa ga Yaya Suraya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya yaye miki ciwon gwiwar nan. Mu nan sai godiya, matata Nagwa ma ta koma aikinta a masaƙa.

Yaya, na yi nasara, ko da yake bakina na nauyin faɗa. Tun da gwamnati ta mayar da agogon ƙasar nan baya da awa ɗaya saboda shigowar sanyi, 'yarmu Tasnim ta koma farkawa ƙarfe biyar maimakon shida, ta yi ta tsala kuka. Nagwa har gyangyaɗi take a gaban inji. Surukata Hajja Ihsan ta ba mu mako biyu, in abin bai gyaru ba za ta tafi da yarinyar ƙauye. Wai namijin da bai haihu ba sai da ya haura arba'in, me ya iya ban da cika littafi da rubutu?

Kin san halina. Na ja layi a littafin, kullum ina jinkirta kwanciyarta da minti goma, na toshe taga da bargo. Kwana biyar, shiru. Har na fara zargin ko Hajja ce da gaskiya. Rana ta shida na riga ta tashi, na zauna gefen gadonta da biro. Biyar saura minti biyu sai ga ƙarar ludayi a jikin tukunya daga titi. Baba Ragab mai dafaffen wake! Kafin bugu na uku ta buɗe ido.

Na sauka da kwanona. Ya ce shi ba ruwansa da agogon gwamnati, da an sallame asuba yake turo amalanke, wake ba ya jiran minista. Da na yi masa bayani ya kwashe da dariya, wai ashe duk layin nan amaryarsa Tasnim ce kaɗai ke amsa kiransa, ubanta kuwa sai wake ya huce. Amma ya yarda ya riƙa farowa daga ɗaya ƙarshen layin. Mai nema yana tare da samu: kwana huɗu ke nan tana kai shida da kwata. Hajja ta bugo waya jiya, wai dama ta san yarinyar za ta daidaita da kanta.

Ki gaishe da maigida Abu Wa'il, da Wa'il da Nermin. Nagwa na gaisuwa.

Ƙanenki,
Mamduh

Na gobe:
Kai wa Baba Ragab basbusa, kek ɗin nan mai zaƙi.
Ƙara kwana uku ina lura, kada ya zama sa'a ce.
Kwance jakar tafiya da Hajja ta haɗa wa Tasnim.