Jarumin da Ba Shi da Mai Masauki

Zuwa ga Yaya Iliyasu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a duk ƙasar da kake. Direbobin hanyar Bawku zan ba takardar nan. Duk wanda ya karanta kafin ta iso ka, ba komai.

Jiya ina share ɗakinka don mun rasa inda za mu zuba doya, sai ga littafin zanen nan da ka sayo a tashar Yendi, na jarumi mai sulke da takobin wuta, mai tashi sama ba fiffike. Gara ta ci bangon, amma mutumin naka yana nan ya banƙaro ƙirji. Ka sha tambayata yadda na gan shi, ina ce maka ban gama dubawa ba. To yau na gama.

Gaskiya mai zanen ya iya doki. Shafin da dodo ya tare gada kuwa, har yanzu in na buɗe sai gabana ya faɗi. Bai kuma cika surutu ba, ko ni da Turancina bai wuce na kasuwa ba na bi labarin.

Amma matan ciki ba su da aiki sai ihu. Shi kuma gogan ba ya cin tuwo, ba ya gajiya, ƙarfe ba ya kama shi. To tsoron me zan ji masa?

Babban aibin, mahaifiyarmu Mma ce ta gano shi. Ka tuna ranar da kake fassara mata tana tankaɗe? Ta ce, "Wannan wane irin baƙo ne? Ya shigo gari ba sallama, ba mai masauki. In ya faɗi, wa zai aika gidansu?" Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce jarumai ba sa faɗuwa. Ta ce kakanninmu da suka zo Salaga fataucin goro sun fi shi gamuwa da dodanni a hanya, amma babu wanda ya kwana a gidan da ba a san sunan ubansa ba.

A shafin ƙarshe ya juya baya ya tafi ba bankwana, wai sai fitowa ta gaba. Ba mu taɓa samun ta gaban ba.

Haka ka yi mana. Ka ce za ka Bawku sarin albasa, sai wani direba ya ce ya gan ka ka tsallake iyakar ƙasa a Kulungugu da jaka ɗaya. Na daina ƙirga daminu. Ina fushi da kai, Yaya, kuma ina kewarka fiye da fushin.

Na san halinka, ka rantse ba za ka dawo hannu rabbana ba. Babu mai jiran jarumi a gidan nan. Idon Mma ya tafi, ƙafa ma ta ƙi. Ta daina cewa ka dawo. Bayan kowace salla abu ɗaya take tambayata, ko kana da mai masauki.

Ka aiko mana da sunansa kawai, tun tana iya ji.

Allah Ya tsare ka, Ya sauke ka a gidan mutanen kirki, Ya sa a san sunan ubanka a inda kake kwana. Amin.

Ƙanwarka,
Ramatu, Salaga