Kwamfutoci Ɗari Uku Sun Ƙi Tashi

Baba,

Assalamu alaikum. Yaya ƙafar Inna? Yaya damina a Sandamu?

Ni lafiya lau a nan Dubai, sai gajiya. Aikina kamar na mai ajiyar iri ne: ni ke adana manhajar da manyan kwamfutocin kamfani ke ɗauka da kansu su tashi. Makon jiya na saka tsohuwar manhaja bisa kuskure, ɗari uku suka ƙi tashi. Maigidana ya ce, "Ba hutu sai ka tayar da su." Ɗaya bayan ɗaya nake binsu, a ɗakin da sanyinsa ke kashe yatsu.

Saboda haka ba zan samu zuwa sunan ɗan Ikilima ba. Ta yafe mini. A saka ni a addu'a, saura kwamfutoci tamanin.

Ɗanka,
Jamaluddeen