Liyari Huɗu na Darma

Wurno, 9 ga Rajab, 1370

Zuwa ga ƙanena Abdulƙadiri, a Lubayya, ƙasar Sudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wagga takarda ta iske ka cikin ƙoshin lahiya, kai da Inna. Allah Ya ƙara mata ƙarfin ƙafa, Ya sawwaƙe muku sauran hanya. Mu nan lahiya lau muke. An cire albasa, kuma fadamar bakin Rima ta yi muna kirki bana. Matata Adama ta sauka watan jiya, an samu mace, mun sa mata sunan Inna, Khadijatu. Ƙafata ta warke, kurkunun ya fita duka, sai tabo da ɗan ɗingishi in na yi tahiya mai nisa.

Takardarka ta iso ranar Jumma'a bayan an sauko masallaci. Kawu Sale yac ce ba za a karanta ta a ɗaki ba, don duk unguwa na jiran labarin Inna. Anka shimfiɗa tabarmi a zaure, anka miƙo mini ita tun da ni ne babba. Da bakina nik karanta yadda kac canza sule zuwa farankar Faransa a Farlomi ba wanda yac cuce ka, da yadda kak koyi ƙirga da Larabci cikin kwana goma, har kana gardama da masu canji kan jine da girshi, kuɗin da ake ciniki da su a Sudan. Duk inda nid dakata sai zaure ya ɗauki kabbara. Wani tsoho yac ce dama tun kana ƙarami an san kai ne mai kaifin kai a gidanmu. Na ji shi sarai, nic ci gaba da karatu. Amma ƙanena, abin da ke cikina lokacin nan ba farin ciki ba ne.

Ka san tahiyar nan tawa ce. Ni Inna tac ce in kai ta aikin hajji, kuma shekara shida ina shiri. Da anka gaya muna cewa gaba da Farlomi akwai ƙauyukan da ba su san sulen Ingilishi ba, ba su kuma yarda da kuɗin takarda, sai liyari, tsohuwar azurfar nan mai hoton kan mace, ni nit tashi nemanta. Na ci kasuwar Goronyo sau biyar. Na taka Rabah da Achida da Dinawa, ina bin rugage ina lallashin matan Fulani su kwance daga wuyansu su sayar mini. Wata tsohuwa kusa da Rabah sai da taz zaunar da ni wuni guda, nis sha nono ƙwarya biyu, sannan tab ba ni guda uku tana share hawaye, don na uwarta ne. Haka nit tara arba'in. Kai kuwa duk lokacin nan kana bakin gulbi kana gyaran koma, ko sunan garuruwan hanya ba ka sani ba. Saura mako biyu mu tashi kurkunu yaf fito mini. Inna tac ce ba ta da shekarun jira, ayari kuma ba shi tsayawa don mutum guda. Anka tahi Sakkwato anka cire sunana daga takardar tahiya, anka sa naka.

Yanzu ga abin da yas sa nir rubuto. Ka ba da labarin Jinena, garin bakin iyakar Sudan, yadda mai canji yab buga liyarinka bisa dutse, yat tarar huɗu na darma ne, yay yi ihu mutane sunka taru, anka tsare ka kwana biyu. Ka ce Inna ta zauna cikin rana bakin ƙofar gidan da anka tsare ka, ta ƙi ci ta ƙi tashi, har Allah Ya kawo Malam Isa, mutumin Rabah da ke zaune can, yat tsaya maka anka sake ka. Kuma ka ce kada kowa ya ga laifina, cutata anka yi a kasuwa ban sani ba.

Abdulƙadiri, na sani. Tun kafin ciwon ƙafa na kai su wurin Mu'azu maƙerin azurfa, yag gwada su ɗaya bayan ɗaya. Talatin da shida sunka yi ƙara mai daɗi, huɗu sunka faɗi tim. Yak kankare gefen ɗaya da wuƙa yan nuna mini darma. Nik ƙulle su daban cikin tsumma da niyyar in koma Goronyo in nemi wanda yas sayar mini. Ranar da Adama ke ɗinka ɗamarar da za ka ɗaura kuɗin, da hantsi ne, ina kwance a rumfa ƙafa ta kumbura. Ina jin mata na shigowa suna kiran ka Alhaji tun ba ka taka ko'ina ba, kana dariya, ga rigar da niɗ ɗinka don kaina a jikinka. Adama tat tambaye ni ko sun cika arba'in. Nic ce mata akwai saura huɗu ƙarƙashin tabarma, nim miƙa mata. Wallahi ban yi nufin a kama ka ba. So niy yi ka miƙa su gaban mutane a yi maka dariya, ko sau ɗaya ne, ka gane ba ka san komi ba. Inna kuwa ko tunawa da ita ban yi ba, kuma wanga ya fi komi ci mini rai. Da niz zo wurin da kar rubuta cewa kullum tana sa mini albarka, tana cewa gumin Mainasara kuke ci a hanya, sai nic ce wa jama'a ƙafata ta motsa, nit tashi nis shige gida.

Ba zan yi maka ƙarya in ce abin ya bar ni ba. Kowa yat tare ni a kasuwa, ba shi tambayar albasa, sai yaushe Alhaji zai dawo. In mota ta wuce gabas sai na bi ta da ido. Kai, har wahalar da kas sha a Jinena ina ƙyashinta, don kai Inna taz zauna wa cikin rana, ba ni ba. Mi ke damuna, ban sani ba. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni nig goya ka ranar da Baba yar rasu, kuma da wani ne zai taɓa ka da ni zai fara gamuwa.

Na gaya wa Adama. Kwana biyu tana aje mini tuwo ta juya ta tahi, rana ta uku tac ce hannunta nis sa yaɗ ɗinka abin, don haka in rubuto maka ko ita ta nemi mai rubutawa. Na sayar da albasa na sake nemo liyari huɗu. Mu'azu ya gwada su gaban Kawu Sale, na gaske ne. Suna hannun Malam Zayyanu na Achida, wanda zai ba ka takardar nan, tun da ka ce kuna Lubayya har bayan azumi. Shi ma ya ce in gargaɗe ka, kada ka canza duk abin da ke hannunka zuwa riyal kafin ku ƙetare teku, ka canza kaɗan na abinci, sauran sai Jidda. Ka karanta wa Inna takardar nan duka. Kada ka tsallake komi don ka rufa mini asiri, na san halinka. In ta yi fushi, tana da gaskiya. Ina neman gafararta, ina neman taka.

Adama na gaishe ku, da Kawu Sale, da Goggo Hauwa'u, da Kyauta da ɗiyanta, da Mu'azu. In ka samu mai zuwa Jinena ka aika wa Malam Isa godiyata. In Allah Ya kai ka gaban Ɗakin Nasa, ka ambaci sunana, ka roƙa mini Ya cire mini abin nan daga zuciya, don ni na yi iyakar ƙoƙarina ya ƙi fita. Kuma in za ka sake rubutowa, kada ka rage labari don tausayina. Ka gaya mini yadda teku take, da abin da Inna tac ce da tag gan ta. Zan ji zafi, amma zan karanta.

Wassalam. Ni ne wanka,
Mainasara