Lemon Tsamin da Kika Hana a Dasa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki, na rubuto ne in sanar da ke labarin da kika fi kowa jira. Ranar Litinin da ta wuce na karɓo takardar gidan. Na san ba a kai wasiƙa inda kike, ko da kina raye ma ba karatun boko kike yi ba, a bakin tabarmarki zan zauna in karanta miki. To bari in karanta a nan, duk wanda ya ji ya sa ki a addu'a.

Kin tuna ranar da na ɗauko ki daga Ɗanzomo bayan kin gama takabar Baba? Kayanki ba su cika bayan mota ba, amma kin hana a taɓa abu ɗaya, wani gwangwanin tumatir mai ɗan tsiron lemon tsami a ciki. A cinyarki ya zo har Gumel.

Ni kuwa ranar sai tafiya nake kamar hakimi. Malamin firamare ya yi gida mai ɗaki uku da famfo. Na zagaya da ke ko'ina, kina cewa madalla. Da muka gama sai kika tambaye ni ina takarda. Na yi miki bayani cewa rance ne, takardar tana ajiye a ofishin masu ba da lamunin gidaje, za su riƙa yanka a albashina duk wata har shekara goma sha biyar, da ɗan kuɗin ruwa a kai. Kika ce, "To gidansu ne, Sabo. Kai mai gadi ne, kuma kai kake biyan kuɗin gadin."

Da la'asar na ɗauko fartanya zan haƙa wa lemon rami a tsakar gida, kika hana. Kika ce ba za ki dasa itace a ƙasar da takardarta ke hannun wani ba, ranar da takarda ta zo, ranar za a dasa. Daga gwangwani ya koma bokiti, daga bokiti ya koma rabin duro, can kusa da randa. Duk baƙon da ya shigo sai ya tambayi dalili, ke kuma ba kya ɓoye masa. Wannan ya riƙa ba ni kunya ƙwarai.

Ke kika kawo maganar gyara. Shekara nawa kika yi kina awon gero a kasuwar Maigatari duk Alhamis, kuma ba ki taɓa sallamar mai saye ba sai kin ƙara masa cikin tafi bayan kwano ya cika. Kika ce in riƙa yi wa masu rancen haka, duk wata bayan abin da suka yanka, in kai musu ɗan wani abu a kai. Na yi dariya na ce mai saye ake yi wa gyara, ba mai bin bashi ba. Kika ce gyara ba ta taɓa talauta ki ba, amma ruwan da ke kan kuɗin nan yana hana ki barci, kowace rana da za mu rage a ƙarƙashinsa alheri ce.

Na je ofishin da 'yan kuɗina a aljihu, na ce wa akawun na kawo gyara. Bawan Allah ya ɗauko fayil ɗina ya bi sunana harafi harafi yana neman kuskuren da za a gyara. Da ya ga na miƙa kuɗi sai ya tsuke fuska, ya zaci na goro na kawo masa. Sai da na ba shi labarin kwanon awonki sannan ya gane, ya yi dariya har ya cire tabarau. Shi ya koya mini in tabbatar an rubuta cewa kuɗin a kan uwar kuɗi za su hau, in ba haka ba sai a lissafa su a matsayin biyan wata mai zuwa. Da na faɗa miki kika ji daɗin kalmar, kika ce ai in uwa ta rame 'ya'yan ma ba za su yi ƙiba ba. Tun daga ranar, in na shiga ofishin sai su ce ga Malam mai gyara.

Abin da na riƙa kaiwa ba wani abin kirki ba ne, Inna, kin sani. Kuɗin adaidaita ne, da na koma takawa zuwa makaranta. Kuɗin shayi da burodi ne, da na koma shan kokon matata Rabi kafin in fita. Hulunana na koyi wanke su da kaina, duk da na lalata biyu kafin hannuna ya faɗa. Gero da wake kika sa muke saye da kaka a Gagarawa mu ajiye, ragon layya kuma tun yana ɗan ƙarami nake sayowa a Maigatari mu kiwata shi da dusa da harawa. Rabi ma, da ƙuli-ƙulin da take yi, takan sa nata a cikin ambulan ɗin gyaran. Wani watan gyaran ba ta fi kuɗin tsire biyu ba, in ji kunyar miƙawa, ki ce cikin tafi ma ai ba buhu ba ne.

Akwai ranar da nake so ki yafe mini, ko da yake na san kin yafe. Ana jajiberin Sallah ne, abokan aiki sun ɗinka sabuwar shadda, ni ina goge ta bara, ga shi sun sa mini suna mai maƙo. Na dawo raina a ɓace, na ce miki shekara goma sha biyar suka ba ni, ba wanda yake korata, me ya sa za mu takura wa kanmu? Ba ki ɗaga murya ba. Kina tsince wake kika ce, "Kai suka ba goma sha biyar. Ni ba wanda ya ba ni."

Ban sake gardama ba. Daga ranar na san da wa nake tsere. Ina so in sa miki takardar nan a hannu, ki juya ta ko da a kife ne, sannan ki nuna mini inda za a haƙa ramin.

Ban samu ba. Kin tafi da damina a shekara ta tara, saura wata goma sha huɗu a lissafina. Da aka tambaya a wajen jana'iza ko akwai mai bin ki bashi, ba wanda ya motsa. Ni kuwa ina tsaye ina ƙirga watannin da na tsallake ban kai gyara ba, da babur ɗin da na saya na sayar da asara, ina cewa da ban yi ba da kin gani. Wannan ya daɗe yana ci na. Wata biyu ban taka ofishin ba, don ban ga amfanin sauri ba kuma. Rabi ce ta ajiye mini ambulan a kan hulata wata safiya, ta ce lemon Inna yana jira. Daga ranar na ci gaba da kai gyara.

Shi ya sa ranar Litinin ban tsaya ko'ina ba. Na shigo da takardar, na ajiye ta a ɗakinki a kan tabarmar sallarki, na fito na haƙa rami a tsakiyar gida, mai faɗi, na zuba takin awaki. Sannan na kama duron zan ja. Ya ƙi motsi. Na sake ja da ƙarfina duka, ko gezau. Da na durƙusa na tone gefensa, sai ga saiwa mai kaurin hannuna ta fasa gindin duron da ya yi tsatsa, ta shige ƙasa abinta.

Na ɗago na ga Rabi a bakin madafa tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi. Ashe kin sani. Ta ce tun shekara uku kafin rasuwarki kika gano, ranar da kika so matsar da duron ki share ƙarƙashinsa. Kika hana ta taɓa shi, kika kuma ce kada ta kuskura ta faɗa mini. Wai kika ce, "Itacen ya riga ya yarda da gidan, ni ma haka. Amma in Sabo ya ji, zai daina kai gyara."

Haba Inna. Ni da nake yabon takin awakina duk lokacin da lemon ya yi 'ya'ya, ashe ke kina kallona kina shan lemon a kununki. Na zauna a ƙasa kusa da ramin da na haƙa a banza, na yi dariya, daga baya na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kai ki. Nauyin da na ɗauka tun daminar da kika tafi ya sauka. Ashe ba a gidan aro kika cika ba, a gidanki kika cika, kin kuma sani.

Na mayar da ƙasar ramin. Duron kuma na bar shi yadda kika bar shi, duk baƙon da ya tambaya yanzu ni nake ba shi labari, ba kuma tare da kunya ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi. Yadda ba ki taɓa sallamar mai saye da kwano a shafe ba, Allah Ya cika miki mizaninki, Ya ƙara miki gyara daga falalarsa. Ya haɗa ki da Baba a gidan da ba a biya, ba a kuma tashi. Amin.

Rabi tana gaishe ki. Lemon ya yi fure bana ma.

Naki har kullum,
Sabo, mai gadinki na da.