Na ce ma madam ban sa komi ga cibin jikana ba

Assalamu alaikum, masu wanga shafi da masu karatu. Ban yi lakwal ba, ban san boko ba, faɗi nike ana rubuta mini. Ku ɓoye sunana, kuma wadda ba ta taɓa yanke cibi ba ta riƙe bakinta kahin ta zage ni.

Matar ɗana ta haihu gida, wajen Tabotaki. Ni na yanke cibi, na sa mai toka da man shanu yadda na yi ma ɗiyana duka. Ba a kai suna ba jikin jinjiri ya yi zahi, ya ƙi nono, uban ya kwashe mu sai gidan likita na Madawa. Wata madam mai duba jinjirai, da ba ta kai autata shekaru ba, ta duba shi, ta ɗauki jan biro ta yi alama bisa karnen yaro, takardar likita ke nan. Na ce, “Yana da cuta ko ba shi da ita?” Ta ce, “Inna, alamar zato ce, za mu tsare shi mu gani.” A hana yaro suna gidan ubanai don zato? Sai ta dube ni cikin ido ta ce, “An sa wani abu ga cibin?” Ni kuwa tun cikin mota na goge shi da bakin zanena. Na ce, “Ban sa komi ba. Ni kika gani da ƙazanta?” Ta juya ga uwar, ta ji faya ta fashe tun jajibirin haihuwa, ta ƙara wata alama, wai wataƙila daga jikin uwa abin ya hito.

Tun ran nan ɗana bai amsa gaisuwar matatai ba. Gabana ya ce mata, “Ke kika cuce shi tun cikin ciki.” Ita kuwa tana kwance lokacin da na shafa tokar, ta gani da idonta. Ba ta hwaɗi ba. Ruwa take miƙo mini, ta ce, “Inna, sha.” Wallahi gara ta zage ni.

Yanzu gewayen cibin ya yi ja, ya kumbura. Allura suke mai sahe da marece, ban san ko ta ciwon uwa ce ko tana kama na toka ba, kuma wa zan tambaya ban tona kaina ba? In na hwaɗi, uwar matar ɗana ta kai labarina kowace rijiya ta ƙasarmu ta Buza, ɗana ba shi sake barin in taɓa ɗanai. In na yi shiru, da ƙaryata ake ma jikana magani. Ban nemi wa’azi ba. Ku hwaɗa mini, mi za ni yi?